Attarugun Miya Ba Shi Ne Abin Tsoro Ba: Amsa Ga Uwar Da Kanun Labari Ya Firgita

Wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya, haɗe da hoton wani kanun labari da aka turo mata a WhatsApp, wai barkono ya kashe yaro ɗan shekara 14 a Amurka. Ta ce tun daga ranar ta daina jajjaga attarugu a miya, maigida sai ƙorafi yake yi, yara kuma sun ce abincin gidan ya zama lami. Abin da take son sani shi ne ko da gaske yaji yana kisa, sannan ko shi ne ke kawo olsa da basir kamar yadda ta taso tana ji.

Hajiya, ki mayar da attarugunki cikin miya. Labarin da kika gani ya faru, ba ƙirƙirarsa aka yi ba, amma an yanke masa kai da ƙafa kafin ya iso wayarki. Bari in ba ki shi yadda yake.

A ranar 1 ga Satumba 2023 wani yaro ɗan shekara 14 ya rasu a garin Worcester da ke jihar Massachusetts, 'yan sa'o'i bayan ya ci wani abin ƙwalama na kamfanin Paqui. Ba abinci ba ne irin wanda ake zubawa a kwano. Ɗan fallen soyayyar masara ne ƙwaya ɗaya tal, an lulluɓe shi da garin barkono iri biyu da ke cikin mafiya zafi a duniya, Carolina Reaper da Naga Viper, aka saka shi a kwali mai siffar akwatin gawa. Wasan shi ne mutum ya cinye, ya ɗauki kansa bidiyo, a ga tsawon lokacin da zai jure bai sha ruwa ba. A jikin kwalin an rubuta cewa na manya ne, ba na yara ba, ba kuma na masu wata lalura ba. Amma kin san yaro, abin da aka ce kada ya taɓa shi ne yake ba shi sha'awa. Cikin mako guda kamfanin ya janye kayan daga shaguna. Sakamakon binciken gawa bai fito fili ba sai watan Mayun 2024, kuma ya ambaci abu biyu tare: zuciyar yaron ta tsaya bayan ya ci abu mai ɗauke da sinadarin zafi da yawan gaske, sannan yana da zuciya mai girma fiye da ƙima, da wata halitta da aka haife shi da ita, inda ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ta kutsa cikin naman zuciyar maimakon ta bi ta samanta.

Kin ga ke nan ba zan ce miki barkonon ba shi da hannu ba, likitocin da suka duba gawar sun saka shi a cikin dalilai. Sai dai mai rubuta kanun labari ya ɗauki kalmar barkono kaɗai, ya zubar da gasar, ya zubar da irin barkonon, ya zubar da ciwon zuciyar. Abin da ya rage shi ne ya hana ki barci.

Don ki ga nisan da ke tsakanin tukunyarki da wancan abin, akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin harhaɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kan wannan ma'auni, attarugu da danginsa suna tsakanin 100,000 da 350,000. Carolina Reaper, wanda wani manomi mai suna Ed Currie ya haɗa irinsa a jihar South Carolina, ya haura miliyan 1.6, wani sabo kuma da shi dai mutumin ya fitar, Pepper X, ya karɓe kambun barkono mafi zafi a duniya a 2023 da kusan miliyan 2.7. Tsantsar sinadarin da ke sa zafin kuwa miliyan 16 ne. Bambancin ma bai tsaya a lamba ba. Ke kina jajjaga attarugu uku ko huɗu ne cikin tumatir da tattasai da albasa, ki soya da mai, ki tsinka da ruwa, mutum takwas su raba da tuwo. Wancan kuwa busasshen gari ne tsura, a loma ɗaya, wani lokaci a cikin da babu komai.

Sinadarin da ke sa zafin sunansa kafsaisin, kuma yawancinsa ba a cikin 'ya'yan yake ba kamar yadda ake zato, yana jikin farin tantanin nan da 'ya'yan ke manne da shi. Abin da yake yi yaudara ce. A jikin jijiyoyin da ke baki da fata da hanji akwai wata 'yar ƙofa da Allah ya halitta don ta sanar da ƙwaƙwalwa idan abu mai zafi ya taɓa mutum, tana buɗewa idan zafi ya wuce kimanin digiri 43. Masana suna kiranta TRPV1. David Julius ne ya gano ta a 1997, da barkono ma ya yi aikin, kuma aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Kafsaisin yana buɗe wannan ƙofa ba tare da wuta ba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki ya kama da wuta, ta aiko da gumi da hawaye da majina da bugun zuciya. Amma in ka duba harshen, babu ƙuna. Shayi mai tafasa ya fi attarugu ƙona baki a zahiri. Tsuntsaye kuwa ƙofarsu ba ta jin wannan sinadari, shi ya sa za ki ga kaji na tsattsagar barkonon da aka shanya kamar gero.

To in babu ƙuna, me ke kai mutane asibiti? Martanin jiki ne idan aka tsananta masa. Misalin da nake yawan bayarwa shi ne na wani mutum ɗan shekara 47 a California, wanda likitoci suka wallafa labarinsa a 2016. Ya shiga gasar cin wani sanwici da aka shafe da niƙaƙƙen barkonon Indiya da ake kira bhut jolokia. Jaridu da yawa suka buga cewa barkono ya ƙona rami a maƙoshinsa. Ba haka aka yi ba. Amai ya dinga yi da kakari mai tsanani, ƙarfin yunƙurin ne ya yaga bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi, tsaga mai tsawon santimita 2.5. Aka yi masa tiyata, ya kwana 23 a asibiti. Wannan irin yagewa sananniya ce a likitanci, wani likitan Holand mai suna Boerhaave ya bayyana ta tun 1724 a jikin wani babban hafsan sojan ruwa da ya cika ciki ya yi amai, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Duk abin da zai sa mutum kakarin amai mai tsanani zai iya jawo ta, ko giya ce, ko gurɓataccen abinci. Wani zai ce ai duk kanwar ja ce, tunda barkonon ne ya jawo aman. A wajen likita ba ɗaya ba ne, domin wanda ya karanta cewa barkono na huda maƙoshi zai ji tsoron miya, alhali abin da ya kamata ya riƙe shi ne ciwon ƙirji mai tsanani bayan amai ba abin zama a gida ba ne.

Akwai kuma na 2018, wani ɗan shekara 34 da ya ci Carolina Reaper a gasa a jihar New York, ya dinga samun wani irin ciwon kai da ke saukowa lokaci ɗaya kamar tsawa. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wasu jijiyoyin jini sun tsuke. Bayan mako biyar aka sake ɗaukar hoto, sun koma daidai. Abin lura shi ne irin wannan rubutu da likitoci ke yi a kan mutum ɗaya, dalilin rubuta shi shi ne abin baƙo ne. Da yana faruwa kullum babu mujallar da za ta karɓa. Amma da zarar ya fita daga mujallar likitoci ya shiga hannun masu neman a latsa shafinsu, sai ya koma kamar annoba. Haka aka yi a watan Yunin 2024 lokacin da hukumar abinci ta Denmark ta janye taliyar Buldak iri uku ta kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu, saboda fargabar yawan kafsaisin zai cutar da yara. Labarin janyewa ya zagaya duniya. Bayan 'yan makonni aka sake aunawa, aka mayar da biyu daga cikin ukun kasuwa, kuma wannan kashi na biyu 'yan kaɗan ne suka ji shi.

Kada ki ɗauka kanun labarai tsoratarwa kawai suke yi, suna kuma yi wa barkono kirarin da bai kai ba. A 2015 mujallar likitoci ta Birtaniya mai suna BMJ ta wallafa wani babban nazari daga Sin a kan mutum kusan 487,000, aka ga masu cin abinci mai yaji kwana shida ko bakwai a mako sun fi ƙarancin mutuwa da kashi 14 cikin 100 a tsawon shekarun da aka bi su, idan aka kwatanta da masu ci ƙasa da sau ɗaya a mako. Wani nazarin a Italiya a 2019 ya sami makamancin haka. Nan take aka fara rubuta cewa yaji na ƙara tsawon rai. Masu binciken ba su ce haka ba. Sun kalli mutane ne kawai, ba su raba su gida biyu suka ba wasu barkono suka hana wasu ba. Ki yi tunani, wa ke fara barin yaji a gida? Mai ciwo. Tsoho mai laulayin ciki, da wanda aka sallamo daga asibiti. To in ka tara marasa cin yaji, ka riga ka tara marasa lafiya da yawa a cikinsu. Wataƙila barkonon yana da ɗan amfani, wataƙila kuma mai lafiya ne kawai ke iya cinsa. Duk wanda ya ce miki ki ƙara yaji don ki daɗe, shi ma rabin labari ya karanta.

Yanzu maganar olsa, wadda ita ce ta fi damuna, domin a nan ne muke barin jaki muna dukan taiki. Shekaru da dama likitoci da kansu sun yarda cewa yaji da damuwa ne ke kawo gyambon ciki, suna ɗora marasa lafiya a kan madara da abinci lami. A farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke zaune a tumbi tana haddasa mafi yawan gyambon. Aka ƙi yarda da su, har Marshall ya ɗirki ruwan da ya noma ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin tumbi don a gani da ido. Sun karɓi Nobel a 2005. Dalili na biyu kuma shi ne magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam. A 1988 wani likita a Houston, David Graham, ya zura na'urar leƙa ciki ga masu sa kai bayan ya ba su abinci mai barkono, har ya zuba niƙaƙƙen barkono kai tsaye a tumbi, bai ga rauni ba. Waɗanda aka haɗa wa abinci da asfirin kuwa, kusan dukkansu tumbinsu ya ƙuje.

Na sha ganin wannan a ɗakin duba marasa lafiya. Mutum zai zo yana riƙe da ciki, ya ce shekara uku rabonsa da yaji, ba ya shan tsami, ba ya cin wake, amma ciwon na nan. In ka tambaye shi me yake sha idan ya dawo daga aiki a gajiye, sai ya ce ɗan haɗin nan na kemis, kullum da dare, wani lokaci kafin ya ci abinci. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai maganin kashe ciwo iri biyu a tare. Shi ke cin tumbin, an bar barkono da ɗaukar laifi. Wani kuma ƙwayar cutar ce, wadda ake ganowa da gwajin bahaya ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, mutum ya rabu da ciwon da ya yi shekaru yana lallaɓawa da ruwan magani fari.

Wannan ba yana nufin mai olsa ya zauna ya tasa kwanon yaji a gaba ba. Wanda ke da gyambo, ko ƙwarnafi, ko hanji mai saurin murɗawa, yaji zai iya tayar masa da raɗaɗi, kamar yadda gishiri ke yi wa miki. Ba gishirin ne ya yi mikin ba, amma babu mai hankalin da zai barbaɗa shi a kai. In jikinki ya gaya miki ba ya so, ki rage, ba sai likita ya sa hannu ba.

Basir kuma, a wajenmu suna ne da ya haɗiye cututtuka da yawa, daga taurin bahaya har ciwon baya. In ana nufin kumburin jijiyoyin dubura, yunƙuri da daɗewa a bayi da taurin bahaya da juna biyu ne manyan dalilai. A Italiya an gwada mutum 50 masu wannan matsala a 2006, aka ba su garin barkono a ƙwanson magani wani lokaci, wani lokaci kuma ƙwanson da babu barkono, ba tare da sun san wanne suka haɗiya ba, ba a ga bambanci a ciwonsu ba. Raɗaɗin da ake ji washegari a bayi gaskiya ne, saboda ba duk sinadarin ne ke narkewa ba, kuma irin ƙofar nan da ke baki akwai ta a can ma. Wanda ke da tsaga a dubura shi kam yaji na ƙara masa azaba, ya haƙura har ta warke.

In da za ki tambaye ni abin da nake tsoro a cikin yajin da muke ci, ba zafin zan ambata ba. Na farko shi ne yadda ake shanya barkono da adana shi. Wanda bai bushe sosai ba aka ɗura a buhu, ko ya sha danshin damina a rumbu, yana yin fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfunar na fitar da guba mai suna afalatoksin, irin wadda ake samu a gyaɗa da masara da suka lalace. Tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, kuma girki ba ya kashe ta. In an riga an niƙa, ido ba zai gane ba. Sannan akwai masu zuba rini a garin barkono don ya yi jawur. A 2005 Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga shaguna saboda wani rinin masana'antu mai suna Sudan 1 da aka samu a garin barkonon da aka shigo da shi. Shi ya sa na fi son mace ta sayi busasshen barkono ta gani da idonta, ta tsince masu baƙi da masu fari-fari a ciki, ta daka ko ta kai inji da kanta. Na biyu shi ne gishiri da ɗanɗano. Yajin tsire da na ƙuli da wanda ake barbaɗawa a ɗanwake da shinkafa da wake, rabin daɗinsa gishiri ne da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, duk abincin yini a haɗe. Mai hawan jini da ke cika cokali da yaji sau uku a rana, ba barkonon ne zai kwantar da shi ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, barkono da attarugu baƙi ne a ƙasar nan. Daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal suka yaɗa su zuwa gaɓar Afirka da Indiya bayan 1492. Kafin nan da masoro da kimba da citta kakanninmu ke yaji. Cikin 'yan ƙarnuka baƙon ya zama ɗan gida, miliyoyin mutane daga Meziko zuwa Tailan zuwa Kano suna ci safe da dare. Da yana kisa a ma'aunin girki, da ba sai jarida ta gaya mana ba.

Waɗanda nake so ki sa wa ido su ne yaranki matasa masu waya. Irin wannan wasa bai tsaya a Amurka ba, a watan Yulin 2024 an kwashi ɗaliban sakandare 14 zuwa asibiti a Tokyo bayan sun raba wani soyayyen dankali mai tsananin yaji da aka rubuta a jikinsa an hana 'yan ƙasa da shekara 18. Yaro ba sai ya samo na kanti ba, attarugu goma da abokai masu zuga da kyamara sun isa. Ki gaya musu kai tsaye babu wasan cin barkono, musamman wanda ke da asma, ko ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa sumewa a filin ƙwallo, ko gidan da aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi. Ƙananan yara kuma a nisanta su da garin barkono, domin shaƙarsa ta fi cinsa haɗari, yana iya toshe numfashi. Tsohuwar ɗabi'ar nan ta horon yaro da barkono, a ido ko a wani wuri, zalunci ce, kuma tana iya kai yaro asibiti.

In yaji ya kama mutum, ruwa ba ya wanke shi, don sinadarin ba ya narkewa a ruwa, da mai yake tafiya. A ba shi madara ko kindirmo ya kurkure baki ya haɗiye, ko ya ci lomar tuwo ko burodi. In a hannu ne, a murza man gyaɗa sannan a wanke da sabulu. In a ido ne, ruwa mai tsabta kawai, a yi ta zubawa kamar minti 15, kada a murza. Yawanci cikin rabin sa'a abin ya lafa. Amma idan aka ga ciwon ƙirji mai danna mutum ko mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi na sarƙewa, ko suma, ko aman da ya ƙi tsayawa ko mai jini, ko baƙin bahaya kamar kwalta, ko ciwon kai da ya sauko farat ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, to a nufi asibiti a lokacin. Na fi jaddada na ƙirjin ga maigida in ya haura 40, ko yana da hawan jini ko ciwon suga, domin ciwon zuciya yakan zo da kamannin ƙwarnafi, mutum ya ce yajin daren jiya ne, ya sha kanwa ya kwanta. A asibiti gwajin bugun zuciya na minti biyar ne zai fara raba gardama.